Zazzaɓin Tukunya

Shafi na 9

Salamu alaikum 'yan zaure. Kwana huɗu kun ji ni shiru, rezon waya ne ya ƙi. Wadda ta rubuto cewa in rage karatun labo, wato na ɗakin binciken kimiyya, in ba ta labari, ta yi haƙuri, yau ma akwai shi. Ba a gane girman abin da Saliha ta yi sai da shi.

*

Ina wanke hijabina a tsakar gidan Gwaggo Rakiya, nan Bande, waya ta yi ƙara. Mushe Abdussalam ne, haka muke ce wa malam da faransanci, wanda ke duba memuwar ɗina, littafin da zan kammala karatu da shi a Damagaram. Bai cika kira ba. Saƙo yake turowa, shi ma kalma uku.

Na goge hannu a zane na ɗauka.

"Saliha, kina jina?"

"Ina ji, Mushe."

"Kwalba ta uku cikin waɗanda kika kawo."

Na jingina da katanga.

"Mun rene ƙwayoyin da ke ciki, mun ciro furotin ɗin da suke narka abinci da shi, mun dafa shi rabin awa a digiri tamanin da biyar. Na sauran kwalaben tun a sittin suka tashi daga aiki. Naki ya fito yana aikinsa kamar ba a taɓa shi ba. Sau uku muka maimaita."

"Alhamdulillahi."

"Shi ke nan? Wani ɗalibin da yanzu ya fasa min kunne da ihu."

"Na ji daɗi, Mushe."

"To madalla. Ga tambaya. A kaye ɗinki, littafin aikinki, kin rubuta: takin lambu, Bande."

"E."

"Shekara goma sha ɗaya ina buɗe kwalaben taki, na san warinsa. Ranar da na buɗe wannan, miyar kakata na tuna."

Kumfar sabulu tana bushewa a bayan hannuna. Ita na tsaya kallo.

"Daddawar batso ce, ko ba ita ba?"

"Ita ce."

"Ta wa?"

"Ta gwaggona."

"Ta san kin ɗiba?"

Na dubi ƙofar ɗakin Gwaggo. Bai maimaita ba.

"Ba na sa hannu a kan abin da ba haka yake ba," in ji shi. "Ki gyara kaye. Ki nemi izinin mai tukunya. Sai ki kira ni."

Ya kashe.

Mushe yana zaton kalma biyu ce a kaye za a goge a sake rubutawa. Bai san Yaya Sa'a ba.

Shekara shida Yaya Sa'a tana yi wa Gwaggo aikin daddawa. Ita ke tsintar gurguzu, 'ya'yan yakuwar da ake yin batso da su, ita ke dafawa, ita ke kirɓa. Da wannan aikin take ciyar da 'ya'yanta uku tun da mijinta ya rasu.

Ɗakin tukwanen yana da doka, tun daga kakarmu. In an zuba dafaffen gurguzu aka rufe da buhuna, ba mai buɗewa sai an kwana biyu. Mai fashin salla ko ƙofar ba ta zuwa.

Wata huɗu da suka wuce, cikin tsananin ɗari, ranar kasuwa, Gwaggo ta fita. Na shiga ɗakin da ma'aunin zafi da 'yan kwalabena. Na yaye buhunan tukwane uku, na ɗage murafe, na auna, na ɗiba a ɗaya. Sai na ji motsi a zaure. Na tattara kayana na gudu ɗakina na kwanta kamar mai barci.

Ban koma na rufe ba. Tsoro ya hana ni.

Gab da magariba Gwaggo ta dawo ta tarar da Yaya Sa'a a ɗakin, murfi a hannunta, tana mayarwa. Ranar kuma ba ta salla.

Tukwanen uku duk suka lalace. Aka kori Yaya Sa'a. Daga nan magana ta bi gari cewa hannunta ɓata abu yake. Yau ko nono ba a bari ta leƙa.

Ni kuwa na koma Damagaram da kwalba ta uku.

*

Na shanya hijabin na nufi rumfa.

Gwaggo tana zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga gurguzu. Tun da aka kori Yaya Sa'a ita kaɗai ke yi. Duk bayan ɗan lokaci sai ta kai hannu ta dafa ƙugu.

Na zauna na jawo wani faifan.

"Wa ke kiranki kina ta e, e, kamar mai amsa wa alƙali?"

"Malaminmu ne."

"Ya ce kin ci?"

"Tukuna."

"To."

Muka yi ta tsinta. Na shirya maganar a raina sau huɗu. Da na buɗe baki wata ce ta fito.

"Gwaggo, me ya sa kike rufe tukwanen da buhu har uku?"

"Yau kuma ni za a yi wa jarrabawa?"

"Tambaya ce kawai."

"Don su yi zazzaɓi mana. Tukunyar da ba ta yi zazzaɓi ba ai ba daddawa ba ce, dafaffen gurguzu ne."

"Wa ke kawo zazzaɓin? Ai an riga an sauke daga wuta."

"Allah."

"Haka ne. Amma akwai abin da ya sa a ciki."

Ta ɗago ta harare ni.

"Ƙwarin nan naki da ba a gani sai da madubi?"

"Su. Su ke cin gurguzun, cin nasu ke ta da zafi. Yawancin irinsu in zafi ya yi yawa sun gama. Naki kuwa a lokacin suke jin daɗi."

"Nawa! Ji wai nawa, kamar awaki. To in nawa ne su zo su taya ni tsinta."

Na yi dariya kaɗan. Ita ba ta yi ba, amma na ga ta rage saurin hannu. Gwaggo tana son a yi mata bayani, ba ta dai son a ga tana so.

"Ni dai abin da na sani," ta ce, "wuta kashe abu take. Shi ya sa 'yan likita ke cewa a tafasa ruwan jariri."

"Kin ga farin ƙwai?"

"A'a, ban taɓa gani ba. Jiya aka haife ni."

"Kowane abu mai rai da wasu 'yan kayan aiki yake rayuwa, ana ce musu furotin. Kowanne zare ne dogo da aka nannaɗe ya zama dunƙule mai siffarsa. Siffar ce ke aiki. In ya warware, ya gama amfani. Farin ƙwai cike yake da su. Da ya ji wuta sai zaren ya warware ya harɗe da na kusa da shi. Shi ne kike ganin ya yi fari ya daskare."

"Ba ya kuma komawa ruwa."

"Ba ya komawa."

"To na ƙwarin nawa me ya hana shi warwarewa? Layar wuta gare shi?"

"Ɗauri."

"Ɗauri kuma?"

"Zafi girgiza ne, Gwaggo. In abu ya yi zafi, duk abin da ke cikinsa rawa yake. Kamar an ɗora kaya a amalanke an bi hanyar gona da gudu."

Ta ajiye tsakuwar da ke hannunta.

"Ki ce min damin Malam da damin 'yan ƙwadago."

Malam shi ne mijinta, Baba Dogo. Ba ta faɗin sunansa.

"Yaya suke?"

"Ke ba ki taɓa lura ba? Ɗan ƙwadago sauri yake. Ya tara zangarniya sama-sama, ya zagaya igiya sau ɗaya, ya ce ya gama. Kafin amalanke ta iso gida rabin hatsin yana hanya, kaji suna yi mana godiya. Malam kuwa sai ya jera su kai da kai, ya sa gwiwa ya danne, har ba inda za ki cusa yatsa."

"To haka na ƙwarinki yake. Cikinsa a cushe yake, ba rami. Ruwa ba ya samun hanyar shiga, abin da ke ciki ba ya samun wurin rawa."

"Igiya fa? Malam wuri uku yake ɗaurewa."

"Su ma sun ƙara. A jikin zaren akwai wurare masu jan juna kamar maganaɗisu, wannan ya kama wancan. Kowane furotin yana da su, amma na masu son zafi sun fi yawa, wani ma ya kama biyu a lokaci ɗaya. In ɗaya ya saki, na kusa da shi yana riƙe har ya sake kamawa."

"Hmm."

"Kuma ba su barin jela tana reto. Inda zaren ya lanƙwasa gajere ne. Warwara daga wurin da ke reto take farawa."

"Wannan kam ko a kitso haka ne."

"Wasu ma har da ɗan abin da ke tokare su a tsakiya, irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Malam Abdussalam yana zaton naki yana da shi."

Da na faɗi haka na ji abin da na faɗa. Ita ba ta nuna ta ji ba. Ta girgiza faifai, ƙananan tsakuwa suka taru gefe ɗaya.

"In duk da haka ya fara kwancewa fa?" ta ce.

"Akwai wasu furotin ɗin da ba su da aiki sai wannan. Su kama wanda ya fara warwarewa, su riƙe shi har ya koma siffarsa."

"Masu bin bayan amalanke."

"Su."

"Ikon Allah. Duk a cikin tukunyata."

"Duk a ciki."

Ta ɗan yi murmushi ita kaɗai. Da na tsaya a nan da mun rabu lafiya.

"Amma akwai inda suke da rauni," na ce.

"Ina?"

"Abin da aka ɗaure tam ba ya motsi da sauƙi. Sai da zafi yake sakin jiki ya yi aiki. In wuri ya yi sanyi sai ya ƙage, ƙwayoyin su yi kasala."

"Su mutu?"

"Ba su mutuwa. Jinkiri suke. Kafin su farfaɗo wasu sun riga su cin gurguzun. Masu kawo tsami, da funfuna."

Hannunta ya tsaya.

"In tukunya ta huce ke nan."

"E."

"In an bar ta a buɗe."

"E. Musamman cikin ɗari, tun daga hantsi har magariba."

Ban ɗago ba. Wata ƙwayar gurguzu da ta fashe biyu nake juyawa da farce.

"Ban auna ba, ba zan rantse ba," na ce. "Amma ba hannun mutum ba ne, Gwaggo. Ba fashin salla ba ne. Sanyi ne ya shiga."

"Tun daga hantsi, kika ce."

"E."

"Wa ya gaya miki tun daga hantsi ne?"

Wata kaza ta shigo rumfar ta tsaya tana kallon faifai. Ba wadda ta kore ta.

"Ni ce na buɗe su."

Muryata ta fito ƙarama, kamar ta wata a gidan maƙwabta.

"Na shiga na auna zafi, na ɗibi kaɗan a kwalba. Na ji motsi na gudu. Yaya Sa'a rufewa ta zo yi. Ba ta yi komai ba."

Na jira salati. Na jira faifai ya sauka a kaina.

Gwaggo ta ajiye faifan a hankali. Ta jawo bakin zanenta, ta kwance wani ƙulli da haƙori. Akwai goro rabi a ciki, da allura a soke a takarda, da wani abu shuɗi. Ta ɗora shi a tabarma tsakanina da ita.

Murfin kwalbar labo ne. Na roba, da lamba huɗu a kai da rubutun hannuna, na kwalbar da ban kai ga cikawa ba. Na daɗe ina zaton a mota ya faɗi.

"Bayan tukunyar tsakiya na tsince shi," ta ce. "Washegari, ina shara."

Na kalli murfin. Na kalle ta.

"Kin sani?"

"Wa ke da irin wannan a garin nan in ba ke ba?"

"Wata huɗu, Gwaggo?"

"Kada ki ƙirga min. Ke ma wata huɗun kika yi."

Gaskiya ta faɗa.

"Ranar da na shigo na gan ta da murfi a hannu," ta ce, "ban tsaya tambaya ba. Na ɗaga murya. Duk katangun nan sun ji. Kafin gari ya waye an kai maganar bakin rijiya. Da na tsinci wannan, magana ta riga ta yi nisa."

"Ai da kin kira ta."

"In ce mata me?"

"Ki ce ba ita ba ce."

"Sai a ce to wace ce? In ce 'yar ƙanina ce, amanar da aka ba ni, ta shiga ɗakin daddawa da kwalabe da ƙarfe tana tsoma wa a tukunya?"

"Ma'aunin zafi ne kawai."

"Ke kika san sunansa. Su abin da za su ce, Rakiya tana bari ana zuba wa daddawarta maganin lakwal, na 'yan boko. Wata ta ce na hana haihuwa ne. Kin san garin nan ko ba ki san shi ba? Shekara talatin ana zuwa daga Waca da Sassumbrum ana neman daddawata da sunana. Rana ɗaya ta isa."

"Ita fa?"

"Ita wa?"

"Yaya Sa'a. Nata sunan fa?"

Gwaggo ta ɗauki rabin goron ta duba shi, ta mayar ba ta ci ba.

"Ina aika mata hatsi," ta ce. "Ta hannun wata. Ba ta san daga ina ba."

"Ba hatsi aka ɗauke mata ba."

"Ke!"

Na sunkuyar da kai. Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da nake.

Ta ja numfashi. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ki saurare ni, 'yar nan. Abin da malaminki ke so, na ba ki. Jibi zan buɗe tukwane, ki zo ki ɗiba da rana tsaka, ni zan riƙe miki murfi. Ki rubuta sunana a littafin in kina so, can Damagaram ba wanda ya san ni. Ki ci jarrabawarki. Sa'a kuma in an kwana biyu zan kira ta in ce na yafe mata, ta dawo aikinta."

"Kin yafe mata."

"E."

"Abin da ba ta yi ba."

"Aikin take nema ko kalma?"

Na lura ban taɓa tambayar kaina ba, ballantana ita.

Na miƙe. Hijabina bai bushe ba, na ɗauke shi haka nan daga igiya.

"Ina za ki?"

"Gidan Hannatu."

Hannatu maƙwabciyarmu ce, ta haihu, gobe suna. Yau mata suke taruwa aikin abinci.

"Saliha."

Na tsaya a bakin zaure.

"Ke da ko sallama sai an ce ki ƙara murya. Me za ki iya faɗa a can?"

Ban juyo ba. Na fita.

*

Tun daga lungu nake jin luguden taɓare. Gidan cike yake. Turmi huɗu a tsakar gida, tukwane a kan murhu, hayaƙi, jarirai a baya. A inuwar ɗaki an jera robobi uku na ƙullun waina, an rufe su da faifai ana jira su tashi.

Na yi sallama. Ba wadda ta ji sai Iya Gimbiya, kakar mijin Hannatu, da ke zaune a kujera 'yar tsugunne tana ba da umarni.

"A'a! Likitar ƙwari! Yau an fito daga rami? Zo ki duba mana ƙullun nan da madubinki ki ga ko akwai aljani."

Mata suka yi dariya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya lau. Ina Rakiya? Ko sai an gama aiki za ta zo cin waina?"

"Tana tafe, Iya."

Ban san ko gaskiya ba ne. Na faɗa ne kawai.

Na duba ko'ina kafin na gan ta. Yaya Sa'a tana can ƙarshen gida, wajen magudanar ruwa, ita kaɗai, da tulin kwanoni a gabanta. Tsakaninta da robobin ƙullu duk faɗin tsakar gida ne. Ina tsaye wata yarinya ta ɗauko ludayin ƙullu za ta kai mata wanki, uwarta ta fizge.

"Wannan ba can za shi ba. Kawo in ɗauraye da kaina."

Ba a ɓoye ta faɗa ba. Yaya Sa'a ta ci gaba da cuɗa kwano.

Na ratsa na je na tsuguna kusa da ita. Na ɗauki soso.

"Sannu da aiki, Yaya Sa'a."

"Yauwa, 'yan Damagaram. Ajiye, za ki jiƙa hijabi."

"A jiƙe yake."

Ta taɓa bakinsa ta ji.

Na wanke kwano ɗaya. Na wanke na biyu. Ta rame. Zoben azurfar da na san ta da shi babu.

"Yaya Sa'a."

"Na'am."

"Tukwanen nan na Gwaggo."

Hannunta bai tsaya ba.

"Ni ce na buɗe su. Ki yafe min."

Na faɗa a hankali yadda ita kaɗai za ta ji. Ta ɗauraye kwanon ta kife shi a kan sauran.

"Na gan ki," ta ce.

"Kin..."

"Ni ce motsin da kika ji a zaure. Na dawo ɗaukar rariyata. Na ga fitarki da jaka a hammata. Na ɗauka kin rufe. Sai da yamma na ji warin bai yi min ba, na leƙa."

"Kin san ba kya salla."

"Na sani. Na tsaya a ƙofa ina kallon aikin kwana uku yana hucewa. Na duba ba kowa. Na shiga."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Sai a lokacin ta dube ni.

"In ce 'yar gida ce? Mai karatu a Damagaram? Ni?"

Na rasa inda zan sa idona.

"Na ce za ta faɗa da kanta," ta ci gaba. "Yarinyar kirki ce, kunya ce kawai. Sati ɗaya na ba ki. Sai na ji kin hau mota."

"Gwaggo ta ce za ta mayar da ke aiki."

"Allah ya saka."

"Da gaske."

"Na ji. In koma in kirɓa daddawa, a ce wa ya kirɓa, a ce Sa'a, a ajiye a sayi ta wata." Ta ɗauki wani kwanon. "Babbar 'yata an fara tambaya a kanta. Makon jiya uwar yaron ta aiko a ji ko abin hannun nan gado ne."

Luguden taɓare ya ci gaba a bayanmu. Wata tana rera waƙa, sauran suna amsawa.

"Na yafe miki," ta ce. "Tun tuni. Amma kin zo kin raɗa wa wadda ta sani."

"Yaya Sa'a..."

"Ba ni ce ban sani ba. Ga su can."

Ta miƙe. Ta goge hannu a zane. Ta ɗauki babbar tasa da murfin tukunya, ta buga sau uku.

Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Waƙar ta yanke a tsakiya.

"Lafiya, Sa'a?" in ji Iya Gimbiya. "Kunama ce?"

"Lafiya lau, Iya. Saliha ce ke da magana."

Ta koma ta tsuguna ta ci gaba da wanke-wankenta.

Na ƙirga su ba da niyya ba. Ashirin da uku, ban da yara. Hannatu ma ta ɗaga labule ta leƙo da jariri a kafaɗa. A aji, in za a yi bayani a gaban mutum goma, kwana nake ban ci abinci ba.

Na miƙe. Soson yana hannuna, ruwa yana ɗiga a ƙafata.

"Tukwanen..."

"Ɗaga murya, 'yar nan, ba da madubi muke ji ba."

Wasu suka yi dariya.

"Tukwanen daddawar Gwaggo da suka lalace cikin ɗari."

Dariyar ta ɗauke.

"Ni ce na buɗe su. Na ɗibi kaɗan don karatuna, na bar su a buɗe, sanyi ya shiga. Yaya Sa'a rufewa ta je yi. Hannunta bai ɓata komai ba."

Itace ya fashe a murhu. Matar da ta fizge ludayi ta dubi ludayin da ke hannunta.

Wata daga baya ta ce, "Ɗiba da me? Me kika sa a ciki?"

"Ban sa komai ba."

"To me ya kai kwalba cikin abincin mutane?"

"Ku dakata," in ji Iya Gimbiya.

Ta dafa gwiwa ta gyara zama. Wasan ya bar fuskarta.

"Wata huɗu baiwar Allah nan tana wanke kwano a bakin kwata," ta ce. "Ni da kaina na ce a nisanta ta da ƙullu. Don haka ina da tambaya, kuma ki dube ni ki amsa."

Na dube ta.

"Rakiya ta san da haka?"

Kafin in buɗe baki na ga idanun matan sun bar kaina, sun koma bayana.

Na juya.

Gwaggo tana tsaye a bakin zaure, mayafi a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ba su take kallo ba. Ni take kallo.

"Ke nake tambaya, Saliha," in ji Iya Gimbiya. "Ta sani, ko ba ta sani ba?"